Allurar da Aka Bari a Alkuki

Wata Talata ce cikin bazara. Rana ta gangara bayan hasumiyar babban masallaci, zafin da bangayen ƙasa suka sha tun safe yana fitowa a hankali kamar numfashin majinyaci. A gidan Mourtala da ke unguwar Obitara, cikin tsohon garin Agadas, ba abin da ya saɓa wa kullum. Ɗiyarsa Souwaiba tana tankaɗe a bakin madafa. Uwarsa, tsohuwa Hajara, wadda ta riƙe yarinyar tun rasuwar mahaifiyarta, tana alwala a gindin randa. Shi kuwa yana kan tabarma, shayi na tafasa a gabansa, salula a kunne, yana magana da shoferinsa da ya yada zango kusa da Dirku.

Mourtala yana da kamiyo biyu, manyan motoci masu kai kaya Kawar, can cikin hamada. Shoferorin ba sa samun rezo, wato layin salula, sai inda suka tsaya da yamma, don haka duk maganar da ke tsakaninsa da su, ta taya ce ko ta mai, tsakanin faɗuwar rana da isha'i ake yin ta. Bangon gidan kuwa kaurinsa kamu biyu ne, salula ba ta kama komai a ciki. Shi ya sa ya sayo akwatin wifi, ɗan fari mai ƙaho biyu, wanda masu gyara suke kira ruter. An zagaya da shi ko'ina cikin gidan, bai kama rezo sosai ba sai wuri ɗaya, wani alkuki da ke can sama a bangon gabas na ɗakin kakansa.

Wannan alkuki yana da ƙa'ida. Ba a ajiye komai a ciki. Duk daren Juma'a kafin magariba Hajara takan hau turmi, ta yi sallama, ta share ƙurar da tafin hannunta, ta sauko ba tare da ta leƙa ba. Ranar da ta ga akwatin zaune a ciki da ƴan fitilunsa kore, sai da ta dafa bango.

"Sauke abin nan."

"Inna, rami ne fa cikin bango."

"Na san rami ne. Shekara hamsin ina share shi. Ba a sa masa ƙarfe, ba a sa masa wuta. Wasiyyar kakanka ke nan, kuma yana da waɗanda ya yi alkawarin da su."

"To wannan roba ce, Inna. Ki bar ni in nemi abinci."

Ta dube shi, dubawar da da can take sa shi ya sunkuyar da kai. Bai sunkuyar ba. Yaran yanzu in sun sayi mota biyu sai su ga uwarsu ta zama tsohon kaya.

To a wannan Talatar, ladan yana gyara murya, maganar shofer ta yanke a tsakiyar kalma. Mourtala ya yi ta cewa alo, alo. Ya tashi ya shiga ɗakin kakan. Fitilar akwatin ta koma ja. Ɗakin ya yi shiru irin wanda ake ji in an shigo ana maganar mutum aka yi tsit. Ya zare fil, igiyar wutar akwatin, daga piriz ɗin bango, ya ƙidaya goma, ya mayar. Ja. Ya sake. Ja. Ana sallame isha'i, ba wanda ya taɓa komai, fitilar ta koma kore.

Laraba haka. Alhamis haka. Da rana ma takan ɗauke ta dawo, amma ta magariba ba ta fashi, kuma ba ta dawowa sai an idar da isha'i.

Ya kira mai gyara, wani magidanci mai suna Nasser da ke da butik kusa da tasha. Nasser mutum ne mai natsuwa, yana bin abu ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa akwatin ko ya yi zafi, ya ji shi da sanyi kamar randa, abin da ya sa ya ɗan janye hannu. Ya canza sharjer. Ya ce watakila firigo ne, na sanyaya ruwa, in ya tashi yake jan wuta, aka raba musu piriz. Ya fitar da pus, ɗan katin layin, ya goge ya mayar, ya sa wani na daban. Ya miƙar da ƙahonin biyu. Daga nan ya buɗe salularsa ya duba waɗanda suke haɗe da akwatin.

"Alhaji, salula nawa ne a gidan nan?"

"Tawa biyu, ta yarinya ɗaya."

"Da tawa huɗu. To ga biyar. Na biyar ba shi da suna."

Fuskar Mourtala ta canza. Ya juya ya dubi katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa Idrissa, maƙerin azurfa, wanda suka yi wasan ƙasa tare.

"Na sani. Ɓarayin nan ne suka sato kod, lambar sirrin akwatin."

Nasser ya canza kod, ya sa mai tsawo wanda ko Mourtala sai da ya rubuta a takarda. Suka sake dubawa. Biyar. Nasser ya tattara kayansa da sauri fiye da yadda ya baje su. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce akwai ɗan ƙaramin rami a bayan akwatin, in an danna shi da tsinke komai zai koma kamar ranar da aka sayo shi.

"Da tsinke, Alhaji. Kuma da safe, in na zo. In da ni ne ma, da na sauke shi daga can."

Mourtala bai jira safe ba. A yammacin nan wani kamiyonsa ya lalace a hanya, shofer yana cikin faɗa masa inda yake, ladan ya ɗaga murya, fitila ta yi ja. Ya tashi a fusace. Ya nemi tsinke bai gani ba. Souwaiba ta bar ɗinkinta a kan tabarma ta tafi alwala, ɗankwalinta ne take kalmasa bakinsa. Ya fizge allurar, guntun zare shuɗi na rataye a kunnenta. Ya hau turmi, ba sallama, ba bisimilla, zagi ne ma a bakinsa. Ya caka allurar a ramin ya danne. Fitilun duka suka mutu, suka farfaɗo, suka tsaya a ja. Ya yi tsaki, ya jefa allurar a bakin alkukin, ya sauko.

Dutsen farko ya faɗo kafin a gama sallar magariba. Ya sauka a tsakar gida, ya mirgina har gaban Hajara da ke kan dardumarta. Na biyu ya fasa butar shayi. Duwatsu ne masu sulɓi irin na cikin kori, busasshen rafin bayan gari, waɗanda ba a samu a unguwar, kuma duk wanda aka ɗauka da ɗumi kamar yanzu aka fitar da shi daga hammata.

Mourtala ya fita ba takalmi ya buga ƙofar Idrissa.

"Fito, munafuki! Kun sace mini rezo, yanzu kuma jifa?"

"Mourtala, kana cikin hankalinka? Iyalina suna Dabaga tun sati. Ni kaɗai ne a gidan, kuma daga masallaci nake."

"Baƙin ciki ne. Tun da na sayi mota ta biyu ba ka ƙara yi mini dariya ba."

"Ni? Ni da na ɗauki makarar matarka a kafaɗata? To daga yau kada inuwarka ta ƙara taɓa ƙofata."

Suna cikin haka wani dutsen ya faɗo tsakaninsu, daga sama sak, inda ba katanga ba soro. Idrissa ya dubi dutsen, ya dubi Mourtala, ya shiga ya rufe ƙofa.

Kashegari da magariba Souwaiba tana ɗauke da akushi za ta kai wa kakarta. Fitila ta yi ja a ɗakin kakan, ita kuma ta tsaya cik a tsakar gida. Akushin bai faɗi ba. Idanunta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Sai bakinta ya buɗe, muryar shoferin Dirku ta fito, da tarinsa da komai: "Alo, patron, taya biyu sun tafi." Bayanta muryar wani ɗan kasuwa. Bayanta muryar Mourtala kansa, yana rantse wa wani cewa kaya sun tashi tun jiya, alhali suna tasha. Duk maganar da ta bi ta cikin akwatin nan ita ce take fitowa daga bakin yarinyar, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Can sai muryar Mourtala ta ce, da dariya, "Rabu da tsohuwar nan, ta fara rikicewa. Rami take yi wa sallama."

Hajara tana zaune ta ji. Ta tashi ta karɓi akushin daga hannun jikarta, ta yafa mata mayafi.

Ranar farko abin ya sake ta da isha'i. Rana ta uku sai da aka ci tuwo aka wanke kwanoni. Aka kai ta likita, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba. Ta daina cin abinci, wuyanta ya yi tsawo, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Mourtala ya kashe akwatin gaba ɗaya, ya zare fil, amma fitilar ja ta ci gaba da ci a cikin alkukin ba wuta ba komai. Ya hau turmi zai sauke shi, hannunsa ya sandare tun daga kafaɗa. A rana ta takwas yarinyar ba ta dawo hayyacinta ba sai hantsi, kuma da ta dawo ba ta gane ubanta ba.

Hajara ba ta shawarci kowa ba. Ta ɗauki sandarta ta buga ƙofar Idrissa, ta ce ita ce, ba ɗanta ba. Idrissa ya hau moto ya tafi Dabaga, ya dawo da wani malami, Malam Baha'uddeen, a bayansa, ya sauke shi a bakin ƙofa, shi bai shiga ba.

Malamin ɗan siriri ne, mai noman albasa, da laka a ƙafar wandonsa. Ya ƙi shayi. Ya zagaya gidan, ya tsaya a ƙofar ɗakin kakan ya yi sallama, ya ɗan jira kamar mai sauraron amsa. Ya sa aka kwantar da Souwaiba a tsakar gida, kanta bisa cinyar kakarta. Da rana ta taɓa bakin katanga ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Tsuntsayen hasumiya suka yi shiru. Ladan ya kira salla. Jikin yarinyar ya miƙe kamar an ja igiya.

"Ya isa haka, malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni ce mai laifi ba."

Murya ce ta tsohuwar mace, busasshiya, mai kaushi, take fitowa daga bakin yarinyar.

"Wace ce ke?"

"Mai alkuki. Ina cikin bangon nan tun lakarsa tana ɗanya."

"Musulma ce ke?"

"Na riga mai gidan nan salla, kuma na fi shi kiyaye ta."

"To mi ya kai musulma jikin ɗiyar mutane?"

"Tambayi wancan da yake raɓe da bango. Ya kawo mini abu mai ihu ya dasa a tsakar ɗakina. Ku ba ku jin ihunsa, mu muna ji. Dare da rana maganar duniya tana ratsa mu, ƙarya da gulma da abin da ba ya faɗuwa. Na yi haƙuri saboda tsohuwar nan mai sallama. Na ce to, in kashe shi daga magariba zuwa isha'i, in yi salla, in kwantar da ƴaƴana. Wannan kaɗai na ɗauka. Sai ya zo da ƙarfe."

"Wane ƙarfe?"

"Allura. Ya gicciya ta a bakin ƙofata da magariba, ina waje na fita ɗibar ruwa. Ƴaƴana uku suna ciki. Kwana tara ina jin kukansu, ba ni iya tsallake ta, su ba su iya fitowa. Na yi jifa don a duba, ya tafi ya zagi bawan Allah. Da na duba zaren da ke kunnen allurar na bi shi, ya kawo ni kan wannan. Ya raba ni da nawa, na raba shi da tasa."

Malam Baha'uddeen ya juya ya dubi Mourtala. Bai tambaye shi ko gaskiya ne ba, fuskar ta riga ta amsa.

"An zalunce ki," in ji malamin. "Amma yarinyar nan ba ta zalunce ki ba. Faɗi abin da zai fitar da ke."

"Baƙin bunsuru a bakin alkuki. A farfasa akwatin a gabana. Muryar yarinyar kuma in riƙe ta shekara tara, kwana ɗaya shekara ɗaya."

"Jini ba a zubar da shi don kowa sai Allah, kin sani in dai musulma ce ke. Muryar yarinya kuma ba taki ba ce, ko ta minti ɗaya. In kin nace, ga karatu nan, ni ba inda za ni, albasata ta sha ruwa."

Ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yarinyar ta yi ƙara har karnukan unguwa suka amsa.

"Tsaya! Na bar bunsuru. Na bar murya. Akwatin fa?"

"Ba a fasa shi!" Mourtala ne ya yi magana, karo na farko. "Malam, motata tana cikin hamadar Tenere da mutum uku. Ta ina zan ji su?"

"Alhaji, akwati ko ɗiya?" in ji malamin.

Mourtala ya yi shiru. Shirun bai fi numfashi biyu ba, amma kowa ya ji shi. Hajara ta tofar da yawu gefe.

"Tir. Wata tara na ɗauki wannan."

Bakin Souwaiba ya yi wata dariya mara daɗi.

"Kin gani, tsohuwa? To saboda ke, kada a fasa. Ya ɗauke allurar da hannunsa, da sallama, da sunan Allah. Akwatin ya bar ɗakin nan. Kuma kullum, daga kiran magariba zuwa sallame isha'i, a kashe shi, a kashe da hannu. Ranar da aka manta zan dawo kan wannan yarinyar, kuma ranar ba zan yi magana da kowa ba."

"Lokacin ne fa shoferorina suke kira!"

"Lokacin ne kuma ake kiran salla," in ji malamin. "Sai ka zaɓi wanda za ka amsa. Tashi."

Mourtala ya shiga ɗakin kakansa. Ya hau turmin. Aka ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana sallama, aka ji bisimilla. Ya fito da allurar tsakanin yatsu biyu, ta yi tsatsa baƙi ƙirin kamar ta shekara cikin rijiya, zaren shuɗin nan yana nan. Ya koma ya rungumo akwatin, fitilar ta mutu a hannunsa. Wata iska mai sanyi ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane ta shige ɗakin. Hajara ta rantse har ta mutu cewa ta ji ƙananan muryoyi a cikin bango, irin na yara in uwarsu ta dawo daga kasuwa.

Ƙaramin yatsan Souwaiba na hagu ya karkaɗa. Ta yi atishawa uku, ta buɗe ido.

"Kaka, yunwa nake ji."

Malamin ya ƙi kwana. Da zai fita ya ce wa Mourtala akwai sauran allura ɗaya, tana ƙofar maƙwabci, ita ma da hannunsa zai ɗauke ta. Sai da Mourtala ya yi sallama uku a ranaku uku kafin Idrissa ya buɗe.

Nasser ya dawo ya kafa akwatin a zaure, bisa wani katako, ya ja masa eriya zuwa kan soro. Bai kai ƙarfin na alkuki ba, amma ya daina ɗaukewa. Da suka duba waɗanda ke haɗe, huɗu ne. Shoferori suka koyi kira bayan isha'i, suna gunaguni. Kashewar kuwa Hajara ce ta ɗauke ta, don ba ta yarda da ɗanta ba. Kullum ladan na gyara murya za ta dogara sanda zuwa zaure, ta zare fil, ta naɗe shi a yatsunta uku, ta ajiye bisa katakon. Mourtala yakan yi tsaki wani lokaci in yana tsakiyar magana. Ba ta ko waiwayarsa.

Shekara biyu ana haka, ba fashi ko na yini ɗaya. Sai Hajara ta kwanta ciwon kwana huɗu, ta cika da hantsin wata Lahadi.

Gidan ya cika da masu gaisuwa. Ƴan tasha, maƙera, mutanen Dabaga, wasu ma ba su gama addu'a ba suke raɗa wa na kusa da su ko ya san kod ɗin gidan. Mourtala yana zaune a ƙofar gida kan tabarma, Idrissa a gefensa, yana karɓar hannu yana amsa amin, kansa ba ya tare da shi. Ladan ya yi kiran magariba, ya kai ƙarshe, mutane suka fara miƙewa. Ta cikin ƙofa Mourtala ya hango Souwaiba a tsakar gida, ɗauke da tiren ruwa, ta tsaya cik, ta ba shi baya.

Sai a lokacin ya tuna wadda take zare fil, ya tuna inda suka kai ta da azahar.

Ya tashi ya tattake mutane, ya ture wani dattijo, ya faɗa zaure har gwiwarsa ta daki dokin ƙofa ta fashe. Ya miƙa hannu wajen piriz.

Fil ɗin a zare yake. An naɗe shi zagaye uku, an ajiye bisa katakon. Kusa da shi ga ɗan dutsen kori guda ɗaya, mai sulɓi. Ya taɓa shi, da ɗumi.

"Baba, lafiya? Jini fa a ƙafarka."

Souwaiba ce a bayansa, da muryarta, idanunta jajur don kukan kakarta. Ta tsaya ne tana share hawaye da kafaɗa, don hannayenta na riƙe da tire.

"Ke kika zare wannan?"

"A'a. Na ɗauka kai ne."

Ya tambayi na zaure, ba wanda ya taɓa. Ya daɗe tsaye da dutsen a hannu. Daga nan ya ratsa tsakar gida, mata suna kauce masa, ya tsaya a ƙofar ɗakin kakansa. Ya cire takalmi.

"Salamu alaikum," in ji shi. "Na gane. Yau kin yafe don Inna. Gobe ni ne."

Ya hau turmin, ya share ƙurar alkukin da tafin hannunsa, bai leƙa ba. Ya sauko ya bi Idrissa masallaci yana ɗingishi, salularsa tana kan tabarma inda ya bar ta.